Matakalar Numfashi

A Rafin Daɗi, ɗakin da ke bayan rijiya,
akwatuna biyar ke kwance ƙarƙashin gadon ƙarfe.
Sajan Sada, kakana, tsohon ɗan badujala,
ba ya buɗe su sai ran Laraba,
bayan la'asar, in rana ta yi laushi.

Ya ce, "Ka taɓa hawa Gobarau?
Murya ma hasumiya ce, da gindi da ciki da ƙololuwa.
Kowane bututu da matakalar da aka yanka mashi."

Da basun yake farawa, dogo mai wuyan zalɓe,
itacen da aka ninka biyu don ya fi ƙarfin hannu.
In ya hura, moɗa ta yi rawa a bakin randa.
Ba da kunne nake jin sa ba, da haƙarƙari,
kamar bijimi a turke tsakar dare yana nishi.

Obo, in ji shi, algaita ce da ta yi boko.
Harshen kara biyu, baki tsuke, magana ta hanci.
Ba ta kai gindi ba, ba ta kai ƙoli ba,
amma sauti guda za ta riƙe, kowa ya gyara nasa,
sak Gwaggo Tasalla a gidan suna:
ita ke cewa a zauna, ita ke cewa a tashi.

Sarewar azurfa a ƙasa rabinta iska ce,
raɗa take yi, sai ka matso.
Ta hau sama, sai ta koma ruwan kwano a rana.
Ƙanwarta fikolo, da kaɗan ta wuce taƙi,
can take inda tsattsewa ke kewaya hasumiya,
tana huda ganguna goma kamar mashi.

Na biyar nasa ne, kilarinet, baƙin itace,
shekara talatin yana cin gumin yatsunsa.
Ɗakinta na ƙasa duhu ne mai ɗumi,
na sama farin gari ne tas.
Tsakani akwai wata siririyar gada
inda yatsu duka ke rufewa lokaci guda,
nan ɗan koyo ke faɗawa, ta yi kukan zabuwa.
Shekarar nan ina sha huɗu, muryata na fashewa,
in ɗauko aya a sama, ta zube mini a ƙasa,
'yan aji su tuntsire. Na daina ɗaga hannu.
Ya ce, "Kai ma kan gadar kake, Mani.
Kada ka tsaya, kada ka ƙara ƙarfi.
Yatsu ke canjawa, ba numfashi."

Tsufa daga sama yake saukowa.
Fikolo kunnensa ya fara rasawa, ya ba wani kofur.
Sarewa ta bi wata malama Dutsin-Ma.
Obo ta tsage, ba wanda ya taɓa ta.
Basun kuwa, da Gwaggo ta kwanta asibiti,
ya fita da dare a kafaɗar wani, ya biya bashi.

Saura akwati guda. Haƙoran gaba sun tafi,
leɓe ba ya iya damƙar kara kamar da.
Ɗakin ƙasa kawai yake shiga yanzu,
ya zauna ciki, ya daɗe, ido rufe,
ba ya ko leƙen gadar, ba ya kishi.

Larabar da ta wuce ya miƙo mini ita.
Na taso daga gindi, na taka gadar ba tuntuɓe,
na yi sama har tantabarun maƙwabta suka watse.
Yatsuna yake kallo, ba fuskata ba.
Ya ce, "Ka hau?"
Na ce, "Na hau, Baba."
Ya ɗora tafinsa a bayana, inda iskar ke fitowa.
"Sake," ya ce. "Ta nan nake jin shi."